Rabon Gado a Cikin Ƙwayar Halitta

Na tsufa ina koyar da ilimin sinadaran jikin mai rai, kuma abin da shekaru suka bar mini shi ne jinkirin cewa abu "haka kawai ya zo". Ga jadawalin nan da muke ɗora wa ɗalibai hadda, kodon 64 masu tsara amino asid 20. A 1968 Francis Crick ya ce tsarinsa dace ne da ya daskare, wanda in aka taɓa shi yanzu rai zai lalace. Maganar na da daɗin koyarwa, domin tana rufe bakin mai tambaya.

A 1975 Jeffrey Wong ya ce amino asid ba rana ɗaya suka iso ba. Na fari su ne masu sauƙi, irin su gilisin, alanin da asfatet, waɗanda Stanley Miller ya samu a 1953 da ya sakar wa tururi da iskoki tartsatsin lantarki. Sauran kuwa ƙwayar halitta ce ta koyi ƙera su daga na farin, kuma kowane sabo aka yanka masa kodon daga rabon wanda ya haife shi, yadda maigida ke yanka wa ɗa gona daga gandu.

Jadawalin ma ya ɗan ba da shaida. Gilisin, alanin da asfatet dukansu da harafin G kodon ɗinsu ke farawa. 'Ya'yan asfatet, irin su asfarajin, tiriyonin da metiyonin, da A suke farawa.

Amma ba na jingina da wannan sosai. A 2000 wasu masu bincike sun sake lissafin wannan shaidar, suka nuna ƙarfinta ya dogara da wanda ka zaɓa ka kira uba, kuma ina ganin suna da gaskiya. Abin da ya fi kama hankalina aikin da ake gani har yau ne. Bakteriya da yawa ba su da enzayim ɗin da ke ɗora gulutamin a kan tRNA ɗinsa, wato ɗan dakon da ke kai shi wurin kodon ɗinsa. Gulutamet suke ɗorawa tukuna, sannan su mayar da shi gulutamin yana nan a kai. Wato uban ne ke fara hawa gurbin ɗan.

'Yan'uwana malamai, in za ku koyar da jadawalin nan, ku shimfiɗa taswirar ƙera amino asid a gefensa, ku bar yara su gwada su gani da idonsu.