Mai Tausa

A ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, inda gulabe suka ratsa fadamu, noma ba ya yankewa. Damina ta wuce, a shiga aikin albasa da tafarnuwa da shinkafar rani, balle tun da aka gama madatsar Goronyo a kan gulbin Rima cikin 1984. Inda aiki ya yawaita kuwa, gajiya ba ta rasa masauki.

To, akwai wata tsohuwa a Wurno, sana'arta tausa, wurin uwarta ta gada. Mata ke zuwa gare ta, da mai sussuka, da mai daka, da mai jego. Sai ta shimfiɗa tabarma, ta murza man kaɗanya a tafin hannu, ta bi kafaɗa da gadon baya da ƙugu sannu sannu, har jijiyoyi su saki. In ta ga kumburi mai zafi, ko alamar karaya, ba ta taɓawa, asibiti take turawa.

Amma ta san ba kowace gajiya ce ta turmi ba. Wata kafaɗar bashi ya ɗaure ta, wata kuwa zaman kishi. Da jiki ya saki, sai baki ya buɗe. Tsohuwa takan ce, "Faɗi, ɗiyata, nan maganar za ta kwana." Ba a kuwa taɓa tsintar zancen ɗakinta a bakin rijiya ba.

Ladanta bai taka kara ya karya ba, wani lokaci mudun shinkafa ne. Duk da haka mata sukan wuce wasu masu tausa su zo ƙofarta, gama ta san ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.