Kafin mu ce kwamfutar makaranta ta mutu

A makarantun da nake zagayawa, nakan tarar da kwamfutoci jibge a kusurwa, an ce sun mutu. Sau da yawa ciwon ƙarami ne: ƙura ce ta shiga mazaunin katin RAM a jikin babban allon injin.

Mazaunin nan doguwar tsaga ce mai ƙananan haƙoran ƙarfe a jere. Katin DDR3 na kwamfutar tebur yana da haƙora 240, na DDR4 kuma 288, an shafa musu ruwan zinariya don kada su yi tsatsa. In ƙurar hunturu ta shiga tsakanin haƙori da abokinsa, sai injin ya tashi, fanka tana juyawa, amma fuskar ta tsaya baƙa ƙirin.

Ni dai nakan fara cire wuta, in taɓa ƙarfen akwatin, in buɗe maƙallan gefe, in zare katin. Sai in goge haƙoransa a hankali da magogin fensir, in kaɗe mazaunin da busasshen buroshi, in mayar. Akwai ɗan giɓi a katin da ke hana shi shiga a juye. In ya ƙi, kada a tilasta masa.

Ba kowace ce ke tashi ba. Amma iyaye, da guminku ake tafiyar da makarantun nan, kuma duk injin da ke kwance, yara ne suka rasa darasi. Malamai, kafin mu nemi sabuwa, mu buɗe tsohuwar, ɗalibai suna kallo.