Zuwa ga Auta, Kan Azumin da Take Shirin Kamawa

Wusasa, Zariya

Auta ƙanwata,

Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara kankama. Inna tana gaishe ki. Ƙafarta ta yi sauƙi, har ta taka da kanta zuwa sujada ranar Lahadi.

Saƙon muryarki ya iso ni. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, domin na san a waya kuka zai hana mu magana. Kin ce za ki kama azumin kwana bakwai, ba ci ba sha, dare da rana, kuma kin ɗauki alkawari ba za ki sauke ba sai Allah ya amsa miki kan maganar haihuwa. Na san nauyin da kike ɗauke da shi shekarun nan. Na san habaicin da kike sha a gidan suna, da irin tambayar da dangin miji suke yi da ido ko bakinsu bai furta ba. Ban rubuto don in hana ki azumi ba, ni ma ina yi, kuma zan yi tare da ke. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne sharaɗin nan da kika gindaya, da kuma gyambon cikin da mu duka muka san kina fama da shi.

Ki buɗe littafin Sama'ila na fari, sura ta 1, ki sake karanta labarin Hannatu a hankali. Ita ma ba ta haihu ba, kishiyarta Feninna kuma ba ta bar ta ta huta ba. Duk shekarar da suka haura Shilo yin sujada, sai ta yi ta kuka, ta ƙi cin abinci. Ta je ta zuba zuciyarta gaban Ubangiji, leɓunanta suna motsi ba a jin muryarta, har Eli firist ya zaci buguwa ta yi. Abin da nake so ki lura da shi yana nan bayan addu'ar. Ta tashi ta tafi, ta ci abinci, fuskarta ta washe. A lokacin ba ta da ciki, Auta. Babu abin da ya canza a jikinta, ɗanta Sama'ila bai zo ba tukuna. Ta sauke kayanta a inda ya kamata, shi ya sa ta iya ci. Ƙin cin abincinta na baƙin ciki ne, cin da ta yi daga baya kuwa na bangaskiya ne.

Na Dawuda ya fi wannan wuyar haɗiyewa, amma ba zan ɓoye miki shi ba. A Sama'ila na biyu, sura ta 12, jaririnsa ya kwanta ciwo. Sarki guda ya kwanta a ƙasa, ya ƙi abinci, dattawan gidansa suka yi ta lallashi ya ƙi tashi. A rana ta bakwai yaron ya rasu. Fadawa suna tsoron gaya masa, amma da ya gane, sai ya tashi ya yi wanka, ya sauya tufafi, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, sannan ya dawo gida ya ce a kawo masa abinci. Ya yi azumi da dukan zuciyarsa, ba a ba shi abin da ya roƙa ba, bai kuma juya wa Allah baya ba. Tsorona ke nan a kanki. Idan kika ɗauki azumi kamar kuɗin da ake miƙa wa ɗan kasuwa a karɓi kaya, ranar da kwana bakwai suka cika, wata ya zagayo kika ga al'adarki, me zai faru da zuciyarki? Ko dai ki ce Allah ya ci amanarki, ko ki ce azuminki ne bai kai ba, ki ƙara kwanaki. Na ga matan da suka bi hanya ta biyun har aka kwantar da su a asibiti.

Na san za ki kawo mini Esta. Gaskiya ne ta yi kwana uku ba ci ba sha, amma kwana uku ne, ana shirin hallaka al'ummarta gaba ɗaya, kuma dukan Yahudawan Shushan suka taya ta. Musa ya yi kwana 40 a kan dutsen Sina'i ba abinci ba ruwa, wannan kuwa al'ajabi ne da Allah ya yi, ba tsari ne da aka ajiye mana mu bi ba. Ubangiji Yesu kansa ya yi kwana 40 a jeji. Ki tuna ɗaya daga cikin gwajin da Shaiɗan ya kawo masa: ya kai shi ƙololuwar Haikali, ya ce ya faɗo, ai mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi, domin jefa kai cikin haɗari don a tilasta wa Allah ya nuna ikonsa gwada Allah ne. Mai gyambon ciki da za ta hana kanta ruwa mako guda, a zafin Maris, ba ta yi nisa da wannan ƙololuwar ba. Ƙoda ba ta jure rashin ruwa, kwana kaɗan ya isa ya yi mata lahanin da zai bi mutum har ƙarshen ransa. Jikin nan da kike roƙo ya ɗauki ɗa shi ne kike shirin raunatawa.

Ikkilisiya ta daɗe tana azumi, kuma ta koyi yin sa da hankali. Tun ƙarni na farko zuwa na biyu masu bi suka riƙe Laraba da Jumma'a, yawanci su buɗe baki wajen ƙarfe uku na yamma, sa'ar da Ubangiji ya ba da ransa a kan gicciye. John Wesley, wanda ya kafa Metodis a Ingila, haka ya riƙa yi ranar Jumma'a har tsufansa. Azumin da muke shiga daga Larabar Toka zuwa Ista kwana 46 ne idan kika ƙirga, amma ana cire Lahadi shida, domin ranar tashin Ubangiji ba ranar makoki ba ce, sai ya rage 40. 'Yan Katolika tun gyaran da Paparoma Paul na shida ya yi a 1966 sun wajabta azumi a Larabar Toka da Jumma'ar da aka gicciye Yesu, a ci cikakken abinci sau ɗaya a yini, kuma ba a ɗora shi a kan marasa lafiya ba. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar, waɗanda babu wanda ya kai su yawan azumi, suna yin kwana 55 kafin Ista, amma nama da madara da ƙwai suke bari, suna ci suna sha idan lokacin buɗe baki ya yi. Ko maƙwabtanmu Musulmi, da azuminsu ya haɗu da namu a Maris na 2025 har muka yi ta musayar kunu da ƙosai ta kan katanga, addininsu ya ɗauke wa mara lafiya da matafiyi.

To, ga abin da nake roƙonki. Ki kama Laraba da Jumma'a, daga asuba zuwa ƙarfe uku, kina shan ruwa, bayan kin tambayi likitanki ko cikinki zai ɗauka. Idan ya ce a'a, ki bi hanyar Daniyel, wanda ya yi mako uku ba nama ba abincin marmari. Lokacin da kika saba ci, ki rufe ƙofa, ki ajiye waya, ki karanta Zabura, ki gaya wa Ubangiji abin da yake ranki ba tare da kin yi masa kwalliya ba. Idan kuka ne ya zo, ki bar shi ya zo. Kada ki sa a WhatsApp cewa kina azumi. A Matiyu sura ta 6 Yesu ya ce mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai, don kada mutane su gane.

Abincin da ba ki ci ba kuma kada ya koma rumbunki. A Ishaya sura ta 58 mutane suna gunaguni cewa sun yi azumi Allah bai kula ba, shi kuwa ya amsa musu da maganar ma'aikatan da suke zalunta, da mayunwata, da marasa wurin kwana. Unguwarku cike take da waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukansu, da gwauraye masu marayu a hannu. Ki auna mudun da za ki dafa, ki kai wa ɗaya daga cikinsu. Ki kuma duba ko akwai wadda kike riƙe da ita a zuci, ko da cikin dangin mijinki ne.

Kin ce maigidanki bai sani ba. Ki gaya masa, Auta, wannan nauyin na ku biyu ne. Ku yi addu'ar tare, ku kuma je asibiti tare a duba ku duka, domin jinkirin haihuwa ba daga mace kaɗai yake zuwa ba, kuma akwai da yawa da magani yake warwarewa. Zuwa wurin likita ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne.

Game da alkawarin da kika ɗauka, ki je wurin fastonku ko uwar zumuntar mata ku zauna, ki faɗa musu yadda kika yi shi cikin zafin rai, su yi addu'a tare da ke a kansa.

Ni zan kama daga Laraba mai zuwa. Zan kira ki da ƙarfe uku mu yi addu'a kafin mu buɗe baki, ki tanadi kunu mai ɗumi, kada ki fara da yaji ko lemo mai tsami. Inna ba ta san dalili ba, na dai ce mata ta riƙa sa ki a addu'ar asuba, ta ce dama ba ta taɓa fasawa ba. Akwai kuka da daddawa da ta ɗaure miki, zan ba direba ranar Asabar in Allah ya yarda. Ki gaishe da maigidanki sosai, ki kuma rubuto mini abin da likita ya ce.

Yayarki