Wasiƙa Zuwa Ga Yaya Kan Maganin Baba

Unguwar Rogo, Jos

Yaya,

Da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan ƙalau muke, sai dai sanyi. Bana hunturun Jos ya zo da ƙarfinsa, ruwan randa ba ya taɓuwa da asuba. Tarin Baba ya yi sauƙi, yana ma fita masallaci.

Kuɗin da ka turo sun shigo, Allah ya ƙara buɗi. Amma batun a ninka wa Baba maganinsa na rage kitsen jini, a kuma fara ba Mama, don ka ji yana kare mutum daga korona, ka yi haƙuri Yaya, ban yi ba.

Wanda ya gaya maka ba shaci-faɗi ya yi ba. A 2020 likitoci a lardin Hubei na ƙasar Sin sun bi takardun mutum 13,981 da korona ta kwantar, 1,219 daga cikinsu sun sha wannan magani da ake kira statin. Da aka gwada su da makamantansu, cikin kwana 28 kashi 5.2 cikin ɗari na masu shan ne suka rasu, marasa sha kuwa kashi 9.4. A Amurka ma an samu irin haka. Kuma abin da ƙamshin gaskiya, don ban da rage kolesterol da hanta ke haɗawa, maganin yana kwantar da kumburin jijiyoyin jini, korona kuwa da kumburi da daskarewar jini ta yi wa mutane da yawa illa. A lokacin kowa a firgice yake. Ka tuna Disambar 2020 da korona ta kama Gwamna Lalong, ana ta kai samfur Vom don gwaji, mu kuma muna ta dafa citta da lemun tsami. Duk abin da aka ce magani ne, karɓa ake yi.

To amma su wa ke shan statin a garin nan? Mai kati a asibitin JUTH ko Jankwano, mai ganin likita a kan kari, mai halin saye duk wata. Irin wannan ko ciwo ya kama shi, da wuri zai isa asibiti. Wanda aka kawo ranga-ranga, ko ƙwaya ba ya iya haɗiya, ba za a ba shi ba, sai ya faɗa lissafin marasa sha. Ka ga bin takardu kaɗai ba zai nuna ko maganin ne ya yi aikin ba.

Shi ya sa aka koma raba majinyata ta hanyar ƙuri'a. A Iran an gwada mutum kusan 600 da ke ɗakin kulawa ta musamman: wasu aka ba su atorvastatin miligiram 20, daidai irin na Baba, wasu aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. Ba a ga wani bambancin kirki ba. Babban gwajin REMAP-CAP da ya fito a 2023 ya ɗauki mutum 2,684 masu jin jiki sosai, aka gwada wani nau'in statin ɗin, simvastatin miligiram 80. An ga alamar amfani, amma ba ta kai mizanin da masu binciken suka gindaya ba, kuma alamun wahalar hanta da tsoka sun fi yawa a masu shan. Waɗannan fa a gadon asibiti suke, ana auna jininsu. Babu wanda ya nuna maganin yana hana kamuwa.

Baba zai ci gaba da ƙwayarsa ɗaya kullum, saboda shanyewar hannun da ya taɓa samu. Ko an kwantar da shi, ba a dainawa sai likita ya ce. Abin da na fi tsoro shi ne kemis. Wani mai kemis ya so ba shi clarithromycin don tarin nan, na hana, domin haɗuwarsa da statin na iya lalata tsoka, cinyoyi su yi ta ciwo, fitsari ya koma kamar shayi ba madara.

Mama kuwa ba a taɓa auna kitsen jininta ba. Idan ka amince, da kuɗin zan kai ta a duba shi tare da suga da hawan jini, ragowar in saya wa Baba na wata uku. Ka kira ni bayan isha'i mu ƙarasa.

A gaida Anti, a shafa min kan yara.

Ƙanwarka