Kowane Gari da Al'adarsa

Saura kwana biyu in miƙa aikina na shekarar ƙarshe, sai malaminmu ya ce in kawo ya gwada shi a kwamfutarsa. Ni a kan Windows na rubuta shi da harshen C, yana tafiya sumul, tasa kuwa Linux ce irin ta Ubuntu. Da muka sa gcc ta harhaɗa shi, sai ta ƙi, wai ba ta san inda sqrt yake ba. Malam ya dube ni, ya ce, "Je ka, gobe da safe ka dawo."

Na ari kwamfutar wani abokina mai Ubuntu, daren nan ban runtsa ba. Na bi layuka ɗaya bayan ɗaya, ban ga kuskure ba. Ashe a Windows ayyukan lissafi suna cikin babban rumbun C, a Linux kuwa rumbunsu daban ne, sunansa libm, sai an kira shi da -lm. Na kira shi, ta sake ƙi. Har na fara tunanin maimaita shekara.

Da asuba abokina ya leƙo, ya yi dariya, ya ce, "Ai ka sa rumbun a gaba!" Manhajar da ke haɗa aiki da rumbu, daga hagu zuwa dama take bi. In ta iske rumbu kafin ta san abin da ake nema, sai ta wuce, ba ta waiwaye. Na mayar da -lm ƙarshen layi, nan take aiki ya tashi.

Jama'a, in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura, kuma ka duba inda suka ɗaura tasu.