Godiya bayan na ajiye sanda

Tun farkon damina da babur ya kayar da ni a hanyar Daura ƙafata ta karye, mutanen Zango suke ɗawainiya da ni. Yanzu da na miƙe, godiya ta zama dole, ko da yake wasunsu za su ji nauyin an ambace su.

Baba, da kai zan fara. Ni ne ɗan farinka, ban taɓa jin sunana a bakinka ba, kuma har mai ɗori ya kwance karan ba ka leƙo ɗakina ba. Daga zaure kake tambayar yara, "Yaya mai jikin?" Sai daga baya na ji cewa ragon da ka turke domin layya ne aka kai kasuwar Mai'aduwa aka biya kuɗin magani, ka kuma hana a gaya mini. Allah ya saka maka da Aljanna.

Inna kuwa tata ƙaunar da faɗa take zuwa. Tana shafa mini man shanu a ƙwauri tana cewa ai ta sha gaya mini in rage gudu. Maƙwabta suka yi gayya suka nome mini geron, suka watse tun kafin furar da aka dama musu ta isa gona.

Taubashina ko ƙwayar goro bai kawo ba, tsiya kawai yake zuwa yi mini. Wai tun da Malam Musa ya tashi daga Zango ya hau gadon sarautar Daura a zamanin Turawa, ba a ga wanda ya kishingiɗa ana yi masa fadanci kamar ni ba. A bakinsa na fara dariya, don haka na yafe masa goron.

Saura ke, uwargida. Ke kika riƙa tallabe ni zuwa bayan gida da tsakar dare, kuma ke kaɗai ce a gidan nan ba ki jin kunyar faɗin abin da ke ranki. Na aika an sayo miki atamfa, kika ce ta yi kyau, amma ba ita kike jira ba, da baki kike so ki ji. Kin yi gaskiya. Sai dai ki tuna ɗan wane ne ni, ki ɗan ƙara mini lokaci, ina nan ina koyo.