Majuyin Akwatin Bidiyo

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san amfanin yatsa. Ran da aka fara ba mutum littafi ba ya iya ɗaukar layi guda gaba ɗaya, sai ya ɗora yatsa ƙarƙashin baƙi ya kira shi, ya matsa kan wasali, in ya rikice ya komo baya kaɗan ya sake. Ba mai gaggauta shi, gama takarda ba ta gudu. To, an yi wani zamani da masu kallon bidiyo su ma suka sami abin da ke yi musu aikin yatsan nan, sa'an nan ya ɓace daga kasuwa, ba wanda ya yi cigiyarsa.

Wani kamfani na ƙasar Japan, JVC, shi ya fito da irin kaset ɗin nan da ake kira VHS cikin 1976. A cikinsa akwai zare baƙi mai faɗin rabin inci, naɗe a kan ƙwarya biyu, kuma kaset mai awa 3 zarensa ya fi mita 250. Hoton da ake gani yana motsi kuwa ba motsi yake yi ba. Hotuna ne tsayayyu a jere, 25 ke wucewa cikin kowace daƙiƙa, ido ya kasa rarrabe su. Shi zare ba a tsallake shi. Kamar hanyar jirgin ƙasa yake, wadda ta iso Kaura Namoda cikin 1929: wanda ya hau daga Kaura za shi Zariya, tilas ya bi ta Gusau da Funtuwa, ko yana da bukata can ko ba shi da ita.

Saboda haka ma'aikatan gidajen talabijin, masu yanke hoto su haɗa, aka yi musu majuyi, daga baya aka sa shi a jikin waɗansu akwatunan bidiyo na gida masu tsada. Majuyin nan biyu ne a haɗe. Na waje zobe ne, in aka murɗa shi dama hoto ya yi gaba, in aka murɗa hagu ya yi baya, gwargwadon murɗawa gwargwadon gudu, da an sake shi sai ya komo tsakiya da kansa. Turawa suna ce masa shatil, watau ƙoshiyar masaƙi, don kai da komo. Na ciki kuwa, wanda suke kira jog, ɗan faifai ne mai gurbin yatsa. Shi wannan hoto ɗaya ɗaya yake takawa, in yatsa ya tsaya, hoto ya tsaya.

Bayan da 'yan wasan Tumbin Giwa na Kano suka fitar da Turmin Danya cikin 1990, wasan Hausa na bidiyo ya yi ta yaɗuwa, kaset ya shiga kasuwanni har irin ta Shinkafi mai ci ran Alhamis. Masu hali suka riƙa kiran mai ɗaukar hoto wurin biki da naɗin sarauta da hawan salla. Akwatunan da suka iso ƙasar nan galibi an riga an yi aiki da su a wata ƙasa, ba kuwa kowanne ke da majuyi ba. Amma inda aka dace da mai shi, gardama ba ta daɗewa. A dambe, misali, in hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, kuma abin yakan faru ne kamar ƙiftawar ido. Sai a komo da zare baya, a taka shi sannu sannu, har kowa ya ga hannun a ƙasa, mai musu ya yi shiru ko ya nemi wani zancen.

Abin da ya kau da majuyi shi ne faifai. An fara sayar da DVD a Japan cikin 1996, bayan shekara ta 2000 kuma akwatunan faifai masu araha na ƙasar Sin suka cika kasuwannin Arewa. Faifai ba ya bukatar a bi shi daga farko, ɗan haske ne ke karanta shi, yana iya dira inda aka so, don haka masu ƙira suka ga maɓalli ya isa. Akwai kuma wani dalili a ɓoye. Domin a sami wuri, faifai ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yakan ajiye ɗaya cikakke, waɗanda ke biye da shi kuwa sai ya rubuta abin da ya sake kaɗai, har wajen rabin daƙiƙa, kana ya kawo wani cikakke. Tafiya gaba da sauƙi, amma takawa baya sai akwati ya koma kan cikakken hoton nan ya sake lissafi, da yawa cikin masu arahar kuwa ba su iyawa. Ga shi kuma majuyi yana ƙara kuɗin ƙira, mai saye kuwa farashi yake tambaya. Har yanzu masu haɗa fim suna aiki da shi a ɗakunansu, mutanen gida ne aka raba da shi.

Lalle an sami sauƙi, ba mai musun wannan. Zare yana tsinkewa, ƙura da zafi suna cinsa, akwati yakan tauna shi. Yau yaro da waya a aljihu yana ɗauke da abin da dā sai an cika kwali. Sai dai ita waya, fim ɗin awa 2 an matse shi cikin ɗan layi wanda bai kai tsawon yatsa ba, in babban yatsa ya gusa kaɗan an tsallake minti guda ko fiye.

Wani mai gyaran rediyo a Kaura Namoda ya ga inda wannan ya zama abin kuka. Yana da tsohon akwati mai majuyi a ƙarƙashin tebur, yana juye wa mutane tsofaffin kaset cikin waya da shi. Wata rana wata tsohuwa ta zo masa, tana cikin mutanen ƙasar Zurmi da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukansu. An tare ɗanta a hanya yana komowa daga kasuwar Shinkafi, wayarsa ta tafi tare da shi, ɗakinsa kuma an sa masa wuta. Ya bar yaro ƙarami wanda bai san fuskar ubansa ba. Wata 'yar'uwarta ta ba ta kaset ɗin wani biki da aka yi a Zurmi tun ɗan nata yana saurayi, an ce ya gifta a ciki ɗauke da tabarmi.

An riga an juye mata kaset ɗin a waya a wani wuri, jikokinta sun yi ta ja gaba da baya, ba su ga kome ba sai wulgawar riga. Mai gyara ya share kan akwatinsa, ya sa kaset, ya murɗa zoben waje. Makaɗa suka wuce da gudu, mata suka wuce, aka kawo wurin da ake shimfiɗa. Ya saki zobe, ya sa yatsa a gurbi, ya shiga takawa.

Tsohuwa ta ce, "Koma baya kaɗan, ɗana."

Ya ce, "To, Inna."

Ya taka baya sau 6 ko 7. Sai ga saurayi ya waiwayo wajen mai ɗauka, tabarma a kafaɗa, baki buɗe kamar zai amsa kira. Duka duka fuskar ba ta wuce hoto 10 ba, watau ko rabin daƙiƙa ba ta kai ba. Tsohuwa ba ta ce kome ba, ta jawo jikan ta tsai da shi gaban gilashi.

Ba a iya barin hoto tsaye da daɗewa, gama kan akwati yana ta juyawa bisa wuri ɗaya, yana goge zare, shi ya sa akwatin da kansa yakan saki bayan kamar minti 5. Mai gyara ya yi maza ya ɗauki gilashin da wayarsa sau uku, ya zaɓi wanda ya fi fita, ya aika aka wanke a takarda. Da ta kwance bakin zane za ta biya, ya karɓi kuɗin wanki kaɗai.

Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera irin akwatunan nan, ya daina cikin 2016. Saboda haka in roba ta tsinke a cikin na mai gyaran nan, sai ya ciro daga wani matacce, matattun kuwa saura biyu gare shi. Duk wanda ya kawo masa kaset yanzu yakan tambaye shi tun kafin ya kunna, ko akwai wanda ake nema a ciki, don ya tsaya a kansa tun akwati yana da rai.